Yadda za ka ƙara fitilun ribas da na bodi a a-kori-kura ba tare da ka ƙona ƙwaƙwalwar motar ba

A bidiyon na gwada muku hasken ƙananan fitilun LED da ake ɗaurawa a ƙarƙashin bamba. Yau kuma zancen haɗin waya ne, don a nan ne ake tafka asara. Darasin a taƙaice: kada ka ja wutar sababbin fitilu daga wayar kamfani. Wayar kamfani ta ba da umarni kawai, batir ya ba da wuta.

Me ya sa ba a jona kai tsaye?

A tsofaffin motoci, idan ka sa giyar ribas, wani makunni ne yake haɗa wuta zuwa ƙwan fitila, shi ke nan. Amma a yawancin a-kori-kurar zamani da muke gani a nan Amurka, irin su Ford F-150, Silverado da Ram, fitilun suna bi ta wata ƙaramar kwamfuta da ake kira BCM. Ita take kunna su, kuma tana lura da yawan wutar da kowane layi yake ja. Ka ɗora mata kayan da ba ta san da su ba, sai ta kashe layin ko ta nuna gargaɗi a dashbod. In aka yi rashin sa'a kuma ta lalace, kuɗin canja ta ya ninka na fitilun sau da yawa.

Mu yi lissafi

Wat shi ne bolt sau amp. Fitilu biyu masu wat 18 kowacce sun zama wat 36. Raba da bolt 12, ka sami amp 3. Shi kuwa rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, abin da yake ja bai kai amp 0.2 ba. Ka ga bambancin: maimakon ka ɗora wa BCM amp 3, ɗan abin da ba za ta ji nauyinsa ba ka ɗora mata.

Kayan aiki

Rile na mota mai ƙafa huɗu ko biyar, wanda ke da diyod a cikinsa. Fis mai amp 5 da gidansa. Waya mai lamba 16 ko 14 a ma'aunin AWG, wato kusan milimita murabba'i 1.3 ko 2.1. Diyod guda biyu 1N4007. Multimita. Sai robar da ke tsukewa idan ta ji zafi, don salatif kaɗai ba ya jure ruwa da gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara.

Haɗin

Da farko nemo wayar ribas. Ja birkin hannu, sa wani abu a bayan taya, kunna makulli ba tare da tada inji ba, wani ya taka birki ya sa ribas, kai kuma ka auna. Wayar da ta nuna bolt 12 a ribas, ta koma sifili da an cire, ita ce. Kada ka dogara da launin waya da ka gani a intanet, yana canjawa daga shekara zuwa shekara. Idan motarka tana da soket ɗin tirela mai ƙafa bakwai irin na Amurka, ƙafar tsakiya ita ce ta ribas, kuma nan ya fi sauƙin ɗauka.

Yanzu cire kan batir na negatif kafin ka taɓa komai. Ƙafafun rile suna da lambobi:

30: wayar da ta taso daga fozitif na batir, ta cikin fis.
87: zuwa sababbin fitilu.
86: umarni daga wayar ribas.
85: zuwa ƙarfen shasi.

Kada ka juya 85 da 86 idan rilen mai diyod ne, zai zama kamar ka haɗa wuta da ƙarfe kai tsaye. Fis kuma ya zauna dab da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya. Aikinsa kare waya ne. Wayar nan za ta yi tafiyar mita shida ko bakwai a ƙarƙashin mota, duk inda ta goge ta taɓa ƙarfe, in babu fis a farkonta, gobara ce. Ɗaure ta a jikin shasi, nesa da salansa da duk abin da ke motsi.

Masu F-150 ku lura: tun daga samfurin 2015 jikin motar da bodinta na alminiyom ne, shasi ne kawai ƙarfe. Ku kai wayar negatif kan shasi, ku kankare fenti da tsatsa a wurin.

Idan kana so makunnin fitilar bodi ma ya kunna su

Wannan shi ne abin da aka fi tambaya, don a sami haske lokacin sauke kaya da dare. Matsalar ita ce, in ka haɗa wayar ribas da ta fitilar bodi a ƙafa 86 haka kawai, wuta za ta riƙa komawa baya. Ka kunna fitilar bodi, fitilun ribas su kama. Ka sa ribas, ta bodi ta kama. Maganin shi ne diyod ɗaya a kan kowace waya, ɓangaren mai zoben azurfa yana fuskantar rile. Diyod ba ya barin wuta ta wuce sai ta hanya ɗaya.

Abu biyu za ka duba kafin nan. Wasu motocin ta ɓangaren negatif suke kunna fitilar bodi, wayar fozitif kullum da wuta. A irin wannan, dabarar diyod ba za ta yi ba. Wasu kuma BCM tana dusashe fitilar a hankali ta hanyar kunnawa da kashewa da sauri, sai ka ji rile yana ƙara kamar zuma. In ka gamu da ɗayan biyun, sa makunni na daban mai nasa fis, ya bi ta diyod zuwa 86.

Doka da hakkin na bayanka

A Amurka da Ingila, farin haske mai fuskantar baya na ribas ne, ba a tafiya gaba da shi a kunne. Ban da tara, kana iya kashe wa direban da ke bayanka ido. Saboda haka ka sunkuyar da fitilun ƙasa, kuma ka zaɓi makunni mai ɗan haske da zai tuna maka a kunne yake. In motar tana da garanti, karanta takardarsa kafin ka yanka waya ko ɗaya.

Da ka gama, mayar da kan batir ka gwada abu uku: ribas kaɗai, makunni kaɗai, sannan a kashe komai ka tabbatar rile ya saki, kada ka wayi gari batir ya mutu. A darasi na gaba za mu duba yadda ake auna ainihin wat ɗin fitila, don abin da ke rubuce a kwali ba kullum yake zama gaskiya ba. Sai mun haɗu, Allah ya tsare hanya.