Kafin ka binne water sprite a tankin kifinka

Sana'ata haɗa tankin kifin ado na gilashi da kula da shi a gidaje da ofisoshi. Babu shukar da na fi ba masu farawa kamar water sprite, kuma babu wadda aka fi dawo mini da ita a ruɓe. Kusan kullum dalilin ɗaya ne: an danna ta cikin tsakuwa har gindinta ya ɓace.

Masana tsirrai na kiranta Ceratopteris thalictroides. Shuka ce ta ƙasashen zafi, tana fitowa a fadamu da gonakin shinkafa, har a wasu sassan Asiya ana dafa ganyenta a ci. Ba ta fure. A tanki, ganyen ne ke haihuwa: ka duba gefen tsohon ganye da kyau, za ka ga ɗan tsiro ya ɓullo da 'yan saiwoyinsa farare. In ya yi ƙwari sai ya rabu da uwar, ya taso saman ruwa. Saboda haka kada ka yi saurin zubar da ganyen da ya fara ja, ka fara tsince 'ya'yan.

Shawarata ita ce ka fara barinta tana yawo a sama. A nan ta fi samun haske da iska, ganyenta ya yi faɗi, saiwoyinta su zubo ƙasa. Saiwoyin nan su ne amfaninta na gaske. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, daga baya naitiret, ita kuwa tana zuƙe su kai tsaye daga ruwa. Abin da ta sha, gansakuka ta rasa, shi ya sa gilashi ke daɗewa bai yi kore ba. Mai kiwon kifin gufi ko moli kuma ya samu maɓoya ga 'ya'yan kifi, domin iyayen ba sa jin kunyar haɗiye abin da suka haifa. Na sha haska tocila cikin saiwoyin da safe in ga 'yan idanuwa baƙaƙe sun yi lamo a ciki.

Amma tana da cin wuri. In ka yi sakaci sai ta rufe fuskar ruwa ruf, shukokin ƙasa su rasa haske. Da dare ita ma iskar oksijin take shaƙa kamar kifin, to in aka ɗauke wuta injin iska ya tsaya, musamman a zafin Afrilu da ruwa ke wuce digiri 30, sai ka tarar da kifi a sama suna haki. Duk mako ka rage ta, ka bar aƙalla rabin saman a buɗe. Ta fi jin daɗi tsakanin digiri 22 zuwa 28.

In dasawa kake so, saiwa kawai za ka rufe da yashi ko ƙananan tsakuwa. Gindin da sababbin ganye ke tofowa a nannaɗe dole ya zauna a fili. Ka sa ta a bayan tanki, don takan kai santimita 30, ganyenta ya fito siriri kamar na karas. Kada ka dasa ta a bakin injin tace ruwa, karanta ba shi da ƙarfi. In sabon ganye ya fito fari-fari, galibi sinadarin ƙarfe ne ya yi ƙaranci, ɗan takin ruwa na tankin kifi zai gyara, ba takin gona ba.

Mai goldfish ko ƙarfasa kada ya wahalar da kansa, cinye ta za su yi. Wadda ka rage kuma ka ba wani mai tanki, ko ka shanya ta ta bushe kafin ka zubar. Kada ka watsa ta a kwata ko kududdufi, domin ƙwan dodon koɗi da cutar kifi suna bin ganyen.