Ɗigon Fitsari Bayan Haihuwa: Nasiha Ga 'Ya'yana Mata

'Ya'yana, ku matso kusa, don maganar nan ba ta tsakar gida ba ce. A zamaninmu a nan Janfalan, mace kan haifi uku ko huɗu, sai ta ga in ta yi tari, ko atishawa, ko ta ɗaga tulun ruwa, fitsari ya ɗan ɗigo mata. Ba ta gaya wa kowa. Ta ƙara zane, ta riƙa sake alwala, ta rage dariya a gidan biki. Mun ɗauka haka haihuwa ta gada, shi ya sa ba mu faɗa muku komai ba.

Ashe akwai tsokoki a ƙasan mara da ke tallafe mafitsara da mahaifa. Nauyin ciki da yunƙurin naƙuda suna sassauta su, kuma ana iya ƙarfafa su da motsa jiki. Wani likita a Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan motsa jikin a 1948. Ki matse gabanki da bayanki tare, kamar mai riƙe iska da fitsari lokaci guda, ki ja sama, ki ƙirga har biyar, ki saki gaba ɗaya. In kin saba, ki kai goma. Kada ki ɗauke numfashi, kada ki matse cinyoyi. Sau takwas zuwa goma, sau uku a rana, har wata uku kafin ki ce bai yi ba. Kuma kada ki mayar da tsayar da fitsari a bayan gida ya zama atisayenki, yana dagula mafitsara.

Jikata ce ta nuna mini manhajar waya mai suna Squeezy, wadda masu gyaran jiki na Ingila suka tsara. Tana ƙirga miki daƙiƙu, tana tuna miki in lokaci ya yi. Na yaba, domin mantuwa ce ke kashe wannan aikin. Sai dai da Turanci take, kuma waya ba ta ganin jikinki. Wata za ta yi ta yunƙuri ƙasa tana zaton matsewa take yi. Ranar awo, ki cire kunya ki ce wa malamar asibiti ta duba ko daidai kike yi. Wadda ba ta da babbar waya kuma, ta ɗaura atisayen da salla: bayan asuba, bayan azahar, bayan isha'i. Da cikinki za ki fara, ba sai kin yi arba'in ba.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne. Ɗigo daban, yoyo daban. Idan bayan doguwar naƙuda, ko bayan yankan gishiri, fitsari yana zuba dare da rana, ko tana kwance ko tana tsaye, to huda ce ta samu a mafitsara. Babu manhajar da ke ɗinke ta, ba ruwan wankan jego, ba kunun kanwa. Na ga yarinyar da ta shekara biyu a ɗakin uwarta kan buhu, ƙawayenta sun daina leƙo ta, alhali Zariya na nan kusa. Ana aikin ɗinke hudar a Asibitin Gambo Sawaba, ana yi a Asibitin Murtala na Kano, ana yi a Babbar Ruga ta Katsina, inda Dakta Kees, mutumin Holan, ya ɗinke mata dubbai tun shekarun 1980.

Ku kuma mazajensu da surukai, in naƙuda ta kwana ta wuni, kada a ce a ƙara jira. A nemi mota a nufi babban asibitin Ikara ko na Makarfi tun da sauran ƙarfinta.