Bikin Kirsimati a Ƙasar Ingila

Yara, kun san irin sanyin da akan yi a Wudil cikin watan Disamba, sa'ad da hazo ke rufe gada, masunta su yi ta jin wuta a bakin kogi kafin su shiga ruwa. To, wannan sanyi wasa ne in an gwada shi da na Ingila. Can rana takan faɗi tun ƙarfe huɗu na yamma bai cika ba, itatuwa su zubar da ganye, wani lokaci ruwa ya daskare. A tsakiyar wannan sanyi ne, ran 25 ga Disamba, Kiristoci ke bikin Kirsimati don tunawa da haihuwar Annabi Isa.

Kafin ranar, sukan shigo da wani itace wanda ganyensa ba ya zuba, su kafa shi a ɗaki, su rataya masa fitilu ƙanana. Al'adar Jamusawa ce. Ta bazu a Ingila bayan shekarar 1848, da wata jarida ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat, Bajamushe, suna tsaye da 'ya'yansu a gindin irin wannan itace. Da dare yara kan rataye safa, da safe su tarar da kyauta a ciki.

Ran biki wasu kan tafi coci, sa'an nan iyali su taru a ci abinci. Dā dinya suka fi gasawa, amma yanzu talotalo ya karɓe mata wuri. Akan ci shi da gasasshen dankali da ganye.

Amma abin da ya fi ban sha'awa shi ne wani abin zaƙi da suke kira fudin. Akan kwaɓa garin alkama da kitsen sa, da ƙwai, da sukari, da busasshen inabi, a turara shi awa shida ko fiye, a ajiye har makonni kafin a ci. Me ya sa busasshen inabi? Domin da hunturu itatuwansu ba su ba da 'ya'ya, sai abin da aka adana, kamar yadda iyayenku mata ke shanya kuɓewa don rani. Ran kwaɓi kowa a gidan sai ya juya muciya sau ɗaya, har ƙaramin yaro.

A al'adarsu akan jefa sisi cikin kwaɓin, irin sisin da kakanninku suka kashe kafin naira ta zo a 1973. Wanda ya tsince shi a rabonsa, wai shi ne mai sa'ar shekara. Saboda haka yara kan tauna fudin a hankali, kada sa'a ta karya musu haƙori.

Kashegari, 26 ga wata, ita ce dā ranar da masu gida ke ba barorinsu kyauta, su sallame su su je ganin danginsu. Har yanzu ranar hutu ce a Ingila, haka kuma a Nijeriya.