Amsar Tambaya: Koyarwa Inda Babu Kayan Aiki

Malamin firamaren da ya rubuto daga Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, yana kukan rashin kayan koyarwa, ya kamata ya dubi gonakin da suka kewaye makarantarsa, domin da damina yara na iya ƙirga kunyoyi, su auna tazarar shuka da igiya, su ga yadda wake ke yaɗo a gindin gero. Haddar lissafi kuwa ta fi zama idan an rera ta da tafi. Tantance labari, wato binciken wanda ya faɗa da hujjarsa, shi ne mai wuya, amma jita-jitar da ta sa aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano a 2003 ta isa misali ga 'yan aji shida, kafin a kunna musu saƙon WhatsApp su auna shi.