Yadda Ake Gwada Tsohon Katin Girafik da Sabo Kafin a Zuba Kuɗi

Mai haɗa bidiyon biki a Roni, da ɗalibin da ke zanen gini da AutoCAD a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, tambayarsu ɗaya ce idan kwamfuta ta fara nauyi: a nemi tsohon katin girafik na hannu, ko a daure a sayi sabo? Alƙaluman da ake gani a intanet a ɗaki mai sanyi aka auna su, da wutar da ba ta ɗaukewa. Kai kuwa zafin Afrilu ne a gabanka, da ƙurar hunturu, da wutar KEDCO. Don haka gwajin da zai amfane ka shi ne wanda ka yi a kwamfutarka, da aikinka.

Fara da tabbatar da abin da ke hannunka. Saka manhajar GPU-Z, kyauta ce, ka karanta sunan katin da yawan ma'ajiyarsa da nau'inta. Suna yana yaudara. GTX 1060 na 2016 iri biyu ne: mai 6GB da mai 3GB, kuma na biyun ba ma'ajiya kaɗai aka rage masa ba, har ƙwayoyin lissafinsa 1152 ne maimakon 1280. GT 1030 akwai mai GDDR5, akwai mai DDR4 da ya fi shi rauni nesa ba kusa ba. RX 580 mai lambar 2048SP kuwa kusan RX 570 ne da aka sauya wa suna. Akwai ma tsofaffin GTS 450 da ake sauya wa bayanan ciki su riƙa amsa sunan GTX 1050 Ti. GPU-Z kan rubuta FAKE a gaban irin waɗannan. Idan mai shago a Beirut Road ko Farm Centre a Kano ya hana ka wannan dubawar, ka bar masa kayansa.

Sai ka duba ko kwamfutarka za ta iya ɗaukar katin. Yawancin waɗanda ke shagunanmu tsofaffin HP ne da Dell na ofis, masu siririn jiki da ƙaramin akwatin wuta, wani bai wuce wat 240 ba. Irin waɗannan sai kati gajere da ke shan wutarsa daga ramin madabod, wanda iyakarsa wat 75 ne: GTX 1050 Ti ko GTX 1650. Manyan kuwa suna buƙatar wayar wuta ta musamman mai baki shida ko takwas.

Mataki na uku shi ne gwajin kansa, kuma sharaɗinsa ɗaya ne: kada ka canza komai sai katin. Kwamfuta ɗaya, allo ɗaya, saiti ɗaya. Kafin ka cire na farko, goge direbansa da manhajar DDU, sannan ka saka na biyu da nasa direban. Ka sauke duk waɗannan tun kana wurin da intanet ke da ƙarfi, domin direban Nvidia kaɗai ya kan haura 500MB.

Kunna manhajar gwaji ta Unigine Superposition a saitin 1080p, sau uku ga kowane kati, ka rubuta makin. Amma kada ka tsaya a nan, maki ba ya biyan kuɗin haya. Ɗauko bidiyon biki na minti goma da ka riga ka haɗa, ka fitar da shi da kowane kati, kana riƙe da agogo. Nan ne mutane da yawa ke shan mamaki. A wasanni, RTX 4060 na 2023 ya kan ninka GTX 1060 sau biyu ko fiye. A fitar da bidiyon H.264 na 1080p kuwa tazarar kan tsuke, saboda tsohon ma yana da sashen NVENC mai wannan aikin, kuma sau tari furosesa ce ke jan ƙafa. Buɗe MSI Afterburner ka gani da idonka: idan furosesa tana aiki ɗari bisa ɗari alhali katin yana rabi, sayen sabon kati ɗora wa jaki sirdin doki ne. Kuɗin sun fi dacewa da ƙarin RAM ko SSD.

Mai gwada wasa ya lura da abu biyu: matsakaicin adadin hotunan da ke fita a daƙiƙa, da mafi ƙarancinsu. Katin da ke ba da 50 daram ya fi daɗin ido a kan mai ba da 70 yana faɗowa 20 a kai a kai.

Daga nan sai zafi, kuma a ganina wannan ne matakin da ya fi muhimmanci a yankinmu. Yi gwajin da tsakar rana, ba da asuba ba. Bar FurMark ko Superposition yana gudu na minti ashirin zuwa talatin, ka sa ido a kan ma'aunin zafi da saurin katin. GTX 1060 da tsararrakinsa kan fara rage gudu da kansu idan sun kai digiri 83. Saurari fankokin: ƙara ko kaɗawa alamar gajiya ce. Ɗigo-ɗigo masu launi a allo, ko layuka, ko allon ya yi baƙi ya dawo, duk alamar ciwo ne, kada ka karɓa ko da rabin kuɗi. Ka tuna cewa da Ethereum ta daina amfani da katunan girafik wajen haƙo kuɗinta a Satumban 2022, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana sun malalo kasuwar gwanjo, RX 580 na kan gaba. Wani dai ƙura ce ta toshe shi, da busasshen man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya. A share a sake mai, sai a maimaita gwajin.

Yanzu lissafin wuta. RX 580 na 2017 yana shan wat 185, GTX 1060 wat 120, RTX 3060 na 2021 wat 170, RTX 4060 kuwa 115 kacal. Tsakanin RX 580 da RTX 4060 akwai wat 70. A aiki mai nauyi na awa shida, wat-awa 420 ke nan daga batirin solarka ko tankin janaretanka, kullum. Arhar tsohon kati a wurin saye ne, sauran kuɗin a hankali ake biyansu.

A ƙarshe raba farashin kowane kati da abin da ya ba ka, minti nawa ya rage maka ko hoto nawa ya ƙara, sannan ka sa shekaru a ma'auni. Nvidia ta daina fitar wa jerin GTX 900 da GTX 10 sababbin direbobin wasanni bayan Oktoban 2025, sai gyaran tsaro kaɗai. Ga mai aikin 1080p wannan ba abin tashin hankali ba ne tukuna. Mai son tsarin bidiyo na AV1 kuwa, tsohon ba zai kai shi ba. Idan na hannun ka zaɓa, kada ka baro Kano sai an rubuta maka lambar katin a rasit, da kwanakin da aka yarda ka dawo da shi in ya ƙi zafin Roni.