Idan Firji Ya Fara Kuka: Abin Dubawa Kafin a Kira Mai Gyara

Firjin zamani, irin mai ƙaramin allo a goshi, ƙararrawa biyu gare shi, kuma mutane kan rikita su. Ɗaya ta ƙofa ce: an bar ƙofa a buɗe minti ɗaya ko biyu, sai ya fara ƙara, ana rufewa ya yi shiru. Ɗayar ta zafi ce, tana tashi idan cikin firjin ya ɗumama fiye da yadda aka saita shi. Ita wannan rufe ƙofa ba ya tsayar da ita. Za ka ga lambar kan allo tana ƙiftawa, ko jar fitila ta kama, wasu kuma harafin H suke nunawa. Akwai maɓallin kashe ƙarar, amma in ka danna shi bakin firjin kawai ka toshe, naman da ke ciki yana nan yana ɗumama.

Ƙararrawar zafin nan abu ɗaya take faɗa, wato sanyi ya ragu. Ba ta ce injin ya mutu ba, ba ta kuma ce gas ya ƙare ba. Sau da yawa dalilin yana wajen injin ne gaba ɗaya: wuta, ƙofa, ƙura, ko zafin ɗaki. Don haka da su za a fara.

Da farko ka bar ƙofar a rufe, ka hana yara leƙawa, ka karanta lambar da ke kan allo. Ɓangaren firji ana so ya tsaya wajen digiri 4, kada ya wuce 5. Firiza kuwa digiri 18 ƙasa da sifili. Ka tabbata ba wani ne ya taɓa saitin ba, domin hannun yaro ko tsumman goge-goge ya isa ya sauya shi. In kana da ma'aunin zafi, saka shi cikin kofin ruwa a tsakiyar firjin ya kwana. Ruwan ya fi iska faɗar gaskiya, don iska tana sauyawa da zarar an buɗe ƙofa.

Sai maganar wuta, wadda a nan ita ce uwar matsalar. Idan an ɗauke wuta tun dare aka dawo da ita da asuba, firjin zai farka ya tarar da cikinsa ya ɗumama, ya fara kuka. Wannan ba lalacewa ba ce. Kashe ƙarar, ka ba shi awanni ya dawo da sanyinsa. In ya daɗe a kashe, yana iya cin yini da kwana kafin ya daidaita. Abin da ya fi ɓoyuwa shi ne wuta mai rauni. An ƙera waɗannan firjin don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Idan ta yi ƙasa sosai, fitilar ciki za ta kama, allo zai haska, kai kana ganin komai lafiya, amma kwampireso, wato injin firjin, ya kasa tashi. Kasa kunne a bayan firjin: za ka ji gurnani na 'yan daƙiƙoƙi, sai ƙas, sai shiru, bayan 'yan mintoci ya sake. In haka kake ji, kuma fankar ɗaki ma tana jan ƙafa, cire fulogin har wutar ta yi ƙarfi, domin kowane yunƙuri zafi yake ƙara wa kwampireso. Ƙaramin janareta ma yakan jawo haka, saboda lokacin tashi kwampireso yana jan wuta ninkin-ba-ninkin abin da yake ci in ya kama aiki. Ka duba soket ɗin ko ya yi baƙi ko fulogin yana rawa, kuma ka raba firji da doguwar wayar nan da ake jona dutsen guga da cajar waya. Duk lokacin da ka cire fulogi, jira minti biyar kafin ka mayar. Sitabilaiza mai jinkirta kunnawa aikin da take yi ke nan.

Kafin ka ci gaba, ka yanke hukunci kan abincin. Lissafin da hukumomin kula da abinci na Amurka ke bayarwa shi ne, firji a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cike awa 48, mai rabin kaya awa 24. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ni dai ba zan jira cikar waɗannan awannin ba. Naman da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya mayar da shi. Wanda ya saki gaba ɗaya amma da sauran sanyinsa, a dafa shi ko a soya a ranar. Kifi, madara da miyar da suka ɗumama suka yi awanni a haka, a haƙura da su, ko da ba su yi wari ba.

In wuta lafiya lau take, tambayi kanka me aka zuba a ciki jiya. Washegarin Babbar Sallah firiza da yawa kan yi kuka, ba don komai ba sai don an cusa naman layya da ɗuminsa a manyan ledoji har ƙofa na rufuwa da ƙyar. Haka mai sana'ar zoɓo ko kunun aya da ta jera robobi hamsin masu ɗumi lokaci guda. A bar abu ya huce, a raba shi ƙanana, a sa kaɗan-kaɗan. Sannan ka dubi bangon ciki na baya, akwai 'yan kafofin da iska mai sanyi ke fitowa. Tukunya ɗaya ko leda da ta manne a wurin ta isa ta hana sanyi zagayawa.

Daga nan sai robar ƙofa. Ɗauki takarda, ka rufe ƙofar a kanta, ka ja. In ta zame ba tare da turjiya ba, iska na shiga ta nan. Gwada sama, ƙasa da kusurwoyi, don a kusurwar ƙasa ta fi lalacewa, inda miya da manja ke zuba su bushe. Wanke ta da ruwan ɗumi da sabulu yakan dawo da ita. In ta tsage ko ta ƙandare, sauyawa ce kawai.

Yanzu cire fulogi, ka jawo firjin daga bango. Firji ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwasowa daga ciki ya zubar a waje, ta baƙin ragar ƙarfen nan ta baya, ko ta jikin bangonsa na gefe a sababbin ƙira, shi ya sa kake jin gefen da ɗumi. Bayan hunturu za ka tarar ƙura ta yi wa ragar bargo, har da yanar gizo da gashin kaza. Share da busasshen buroshi a hankali, kada ka lanƙwasa bututun. In ka mayar da shi, bar tazarar kamar faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango, ka kwashe kwalaye da buhunan da aka jingina masa, ka nisanta shi da risho da hasken rana.

Tunda ka sunkuya, nemi takardar bayanin da aka manna a baya ko a cikin firjin. Akwai haruffan da ke nuna zafin ɗakin da aka ƙera shi ya jure: N da SN har digiri 32, ST har 38, T har 43. Firjin 'yan Kwatano da aka yi wa gidajen Turai da yawansu N ne ko SN. Ka ajiye irin wannan a shago mai rufin kwano a Kano cikin bazara, inda zafi ke haura 40, dole ya yi ta aiki ba hutawa kuma ya kasa kai sanyin da aka saita. Lafiyarsa ƙalau, wurin ne ya fi ƙarfinsa. Sai a nema masa ɗaki mai iska, a rage buɗe shi da rana. Wannan harafin ya kamata mai saye ya duba tun a kasuwa, kafin launi da girma.

Saura ƙanƙara. Idan firiza na sanyi amma ɓangaren firji ya ɗumama, ko ka ga ƙanƙara ta kumbura bangon baya na firizar, to ta toshe hanyar iska ko ta riƙe fankar ciki. Kwashe kaya, cire fulogi, bar ƙofofi a buɗe yini da kwana, ka shimfiɗa tsumma a ƙasa. Kada ka sa wuƙa. Bututun gas a ƙarƙashin ƙanƙarar yake, siriri ne, kuma yawancin sababbin firji gas ɗin R600a suke amfani da shi, wanda ke kama wuta. In bayan narkewar ya yi aiki daidai na mako ɗaya ko biyu sannan ya koma gidan jiya, na'urar da ke narkar da ƙanƙara da kanta ce ta samu matsala, kuma wannan aikin mai gyara ne.

Haka nan idan ma'aunin da ka sa a kofi ya nuna digiri 4 amma ƙararrawa ba ta daina ba, cire fulogi minti goma ka mayar. In ta ci gaba, ƙaramar na'urar da ke auna zafi ce ke ba allo labarin ƙarya, ko allon kansa.

In mai gyara ya zo, faɗa masa abin da ka gani da abin da ka ji, dalla-dalla. Ƙas-ƙas ɗin nan alhali wuta da ƙarfinta, sau da yawa rilen da ke manne a jikin kwampireso ne, abu ƙarami mai araha, a gwada shi kafin a ce a sauya kwampireso. In kuma ya ce gas za a zuba, tambaye shi ta ina na da ya fita. Gas ɗin firji a rufe yake zagayawa, ba ya ƙonewa kamar na girki, in ya ragu to akwai huji. Ya nuna maka wurin da kumfar sabulu, ya like shi, sannan ya zuba irin gas ɗin da aka rubuta a takardar baya, R134a ko R600a, ba wanda ya tarar a jakarsa ba.