Alamun yunwa a wurin da ake yaƙi

Yunwa ba ta faɗo ma ƙasa rana ɗaya. Tana da alamu. Manomi ya san su: damana ta yi gardama, fara ta sauka, rumbu ya ƙare tun kafin bazara.

Bayan farin 1973, ƙasashen Sahel sun kafa cibiyar AGRHYMET a Yamai cikin 1974. Aikinta lura da ruwan sama da shuka da ciyawar dabbobi. Akwai kuma ma'aikata masu zagaya kasuwanni, suna rubuta kuɗin tiyar hatsi da na bisashe. In hatsi ya yi tsada, akuya ta yi araha, to makiyayi yana cikin wahala.

Amma inda ake yaƙi, ko ruwa ya wadata ana iya yin yunwa. Mu dubi jihar Difa. Cikin 2015 ƴan Boko Haram suka kai hari Bosso da Difa. Mutane suka bar tsibiran tafkin Cadi da gonakin bakin Komadugu. Cinikin tattasai da na kifi banda ya tsaya. Wanda bai yi noma ba, bai saida kome ba, da me zai sayi cimaka?

Don haka masu bincike sukan ƙara tambayoyi: mutum nawa suka gudu? Wace kasuwa ta daina ci? Wace hanya aka tare? Inda ba su iya shiga, sai su tambayi ƴan gudun hijira, su dubi hotunan gonaki na tauraron ɗan adam. A likita ana auna damtsen yara da ma'auni mai launi uku: tsanwa, rawaya da ja. Yaron da ya faɗa cikin ja yana bukatar magani nan da nan.

Gargaɗi kaɗai ba ya ciyar da kowa. A Somaliya an yi gargaɗi tun watanni kafin yunwar 2011. Yaƙi ya tare hanya, taimako ya makara. Wajen mutum 260.000 suka mutu, rabinsu ƙananan yara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Ku faɗi alamun yunwa uku.
2. Me ya hana mutanen Difa noma da ciniki?
3. Me jan launi yake nunawa?

Aiki
Kowace ranar kasuwa ku tambayi kuɗin tiyar hatsi, ku rubuta cikin kayenku. Bayan wata biyu mu gwada lissafinmu.